Yadda Ake Tsara Tukunyar Haɗa Ƙwayoyin Zarra Don Ta Yi Sauƙin Gyara



Duk mai bibiyar labaran kimiyya a wayarsa ya sha cin karo da labarin wata na'ura da ake cewa za ta kwaikwayi rana, ta ba duniya wutar lantarki ba hayaƙi, ba fetur, ba gas. Yawancin labaran a kan zafi suke tsayawa: yau an kai digiri miliyan 100, gobe an riƙe shi na tsawon daƙiƙa kaza. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tambayar da kowane bakanike a tashar Jega zai fara yi idan aka nuna masa sabon inji: in ya lalace, ta ina ake kwance shi? A kan wannan tambayar darasinmu na yau zai tsaya, domin amsarta ce za ta nuna ko wannan fasaha za ta taɓa haska kwan fitila a gidan wani. Kuma a ƙarshe za mu ga cewa dokokin da injiniyoyinta ke bi su ne ya kamata ka bi ranar da za ka sayi waya ko kayan sola.

Mene ne haɗa ƙwayoyin zarra?

Hanya biyu ce ake fitar da makamashi daga ƙwayar zarra. Ta farko ita ce fasawa: a ɗauki ƙwaya mai nauyi kamar ta yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, a tsaga ta, zafi ya fito. Duk tashoshin nukiliya da ke ba da wuta a duniya yau da wannan hanyar suke aiki. Mu ma a Arewa muna da ƙaramar irinta, wato NIRR-1, da ke Cibiyar Bincike da Horaswa Kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. An kunna ta a watan Fabrairun 2004, ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne na zafi, kuma aikinta bincike da horar da ɗalibai, ba ta ba gari wuta.

Hanya ta biyu ita ce haɗawa: a matse ƙwayoyi biyu marasa nauyi har su zama ɗaya. Haka rana ke yi. A doron ƙasa, ƙwayoyin da suka fi sauƙin haɗuwa su ne diyutiriyam da tiritiyam, dukansu dangin haidurojin ne. Diyutiriyam a cikin ruwa ake samunsa. Tiritiyam kuwa ƙalilan ne a duniya, kuma rabinsa yakan ɓace duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, don haka sai an samar da shi daga litiyam, wannan sinadarin da ke cikin batirin wayarka. Idan ƙwayoyin biyu suka haɗu, sai su haifar da hiliyam da wata ƙwaya mai suna niyutiron. Riƙe sunan niyutiron ɗin nan, shi ne tushen duk wahalar da za mu tattauna.

Kafin su yarda su haɗu sai an dafa su sun kai wajen digiri miliyan 150, ninki goma na zafin tsakiyar rana. A wannan zafin iskar ta koma abin da ake kira filasma, kuma babu ƙarfen da zai iya taɓa ta. Sai aka ƙera tukunya mai siffar gammo, ko ka ce tayar mota, aka kewaye ta da manyan maganaɗisu masu riƙe filasmar a tsakiya ba tare da ta taɓa bango ba. Sunan wannan tukunya tokamak, kuma masanan Tarayyar Sobiyet ne suka ƙirƙiro ta a shekarun 1950. Har zuwa yau babu tashar haɗa zarra ko ɗaya da ta tura wuta zuwa gidajen mutane. Duk waɗanda ake da su na gwaji ne.

Abin da ke cin tukunyar daga ciki

Maganaɗisu yana riƙe abin da ke ɗauke da cajin lantarki ne kawai. Niyutiron ba shi da caji, saboda haka ko kallon maganaɗisun ba ya yi. Yana fita da gudun da ya haura kilomita 50,000 a daƙiƙa ɗaya, ɗauke da kashi 80 cikin 100 na makamashin da aka samar, ya daki bangon tukunyar. Wannan dukan ake so, domin shi ne ke zama zafin da za a tafasa ruwa da shi a juya injin lantarki. Amma kuma shi ne ke kashe bangon, ta hanya uku.

Na ɗaya, niyutiron yana ture ƙwayoyin ƙarfen daga mazauninsu. A hankali ƙarfen ya kumbura, ya rasa laushinsa, ya riƙa tsagewa kamar busasshiyar ƙwarya. Na biyu, yana haifar da ƙananan kumfar hiliyam a cikin ƙarfen, kuma ƙarfen da ya cika da su ba ya karɓar walda yadda ya kamata. Na uku, yana mayar da ƙarfen kansa mai fitar da tururin nukiliya mai cutarwa, ta yadda ko an kashe injin ɗan Adam ba zai iya shiga ciki da sifana a hannu ba.

Sassa biyu ne suka fi shan wuya. Akwai wanda ake kira bargo, wato faifan da suka lulluɓe bangon ciki, masu tare niyutiron, su kwashe zafinsa, kuma a tashar gobe su ne za su riƙa samar da tiritiyam daga litiyam. Sai kuma daibata, wata magudana a ƙasan tukunyar inda tokar hiliyam da rarar zafi ke sauka. Kowace murabba'in mita ta fuskarta za ta ɗauki zafin da ya kai megawat 10, shi ya sa ake yin ta da tangistin, ƙarfen da ba ya narkewa sai a digiri 3,422. Duk da haka tana cinyewa. Ke nan tun kafin a aza tubalin farko, injiniyoyi sun san cewa cikin tukunyar zai mutu kafin ginin ya tsufa, kuma dole a riƙa sauya shi duk bayan 'yan shekaru.

Lissafin da ke raba riba da asara

Ga wani ɗan lissafi da ya kamata kowa ya iya. Ka ɗauki tsawon lokacin da inji ke aiki kafin ya tsaya, ka raba shi da jimillar lokacin aikin da na gyara. Abin da ya fito shi ne rabon rayuwar injin da yake amfanar mai shi.

A ce tasha tana aiki wata 24 kafin a sauya kayan cikinta. Idan sauyin ya ci wata 12, tana aiki kashi 67 cikin 100 na lokacinta. Idan ya ci wata 6, kashi 80. Idan aka gama a wata 2, kashi 92. Inji ɗaya ne, ƙarfi ɗaya, kuɗin gini kusan ɗaya, amma wutar da za a sayar ta bambanta ƙwarai. Tashar da ke ba da megawat 400, duk kwana ɗaya da ta yi a tsaye ta yi asarar megawat-awa 9,600, alhali bashin da aka ci aka gina ta yana ci gaba da ƙirguwa. Tashoshin fasa zarra na Amurka sukan haura kashi 90, kuma da su za a gwada sabuwar fasahar a kasuwa.

Manomin albasa a fadamun Aliero ya san wannan lissafin ko bai taɓa rubuta shi ba. Injin ban-ruwan da ya fi ƙarfi amma sai an aika Kano kafin a samu kayansa, bai kai ƙaramin da ake gyarawa a kasuwar Jega kafin la'asar ba, domin shukar ba ta jiran mota ta dawo. Ƙasarmu ma haka: injinan da aka girka a tashoshin Najeriya sun kai wajen megawat 13,000 a takarda, amma abin da ke isowa kan layi yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000. Ƙarancin gas da raunin layuka na daga cikin dalilai, injinan da ke jiran gyara su ma suna ciki. Madatsar Kainji, wadda layinta ke kawo wuta Birnin Kebbi, an gina ta da injina takwas masu jimillar megawat 760, kuma ta yi shekaru wasu daga cikinsu na kwance.

Matsalar sarƙa

Me ya sa sauya kayan cikin tokamak ke da wuya haka? Dubi siffarta. Tukunyar zobe ce, kuma kowane maganaɗisu shi ma zobe ne mai kama da harafin D, wanda ya ratsa ta ramin tsakiyar tukunyar ya zagayo ta waje, kamar yadda awarwaro ke kewaye hannu. Zobe a cikin zobe sarƙa ke nan, ba ka zare ɗaya sai ka yanke ɗaya. Abin da ya rage maka shi ne 'yan tagogin da ke tsakanin maganaɗisu da maganaɗisu, kuma ta nan duk wani abu zai shiga ya fita.

Ƙari a kan haka, maganaɗisun suna aiki ne cikin sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifili, kuma ɗumama su da sake sanyaya su kan ci makonni. Cikin tukunyar kuma dole ya zama babu iska ko kaɗan, don haka duk ƙofar da aka buɗe sai an sake toshe ta an gwada ko tana yoyo. Kowane faifan bargo yana da bututun ruwan sanyaya da sai an yanke kafin a cire shi, a sake yi masa walda bayan an sa sabo. Duk wannan kuma ba hannun mutum.

Darasi daga famfon tuƙa-tuƙa

Kafin mu ga yadda ake neman mafita, mu leƙa wani injin da kowa ya sani a ƙauyukan Maiyama da Jega: famfon tuƙa-tuƙa na rijiyar burtsatse. Abin da ya fi saurin lalacewa a cikinsa 'yar roba ce da ke can ƙasa a cikin silinda, ba ta da tsada. A samfurin India Mark II, wanda ya yaɗu tun ƙarshen shekarun 1970, silindar ta fi bututun faɗi, saboda haka kafin ka kai ga robar sai ka ɗago dukkan bututan ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, da mutane da yawa da kayan aiki na musamman. Sakamakon haka shi ne famfuna masu yawa a Afirka suka riƙa yin watanni a mace saboda 'yar roba.

A shekarun 1980 aka fito da samfurin Afridev, wanda aka fara aikinsa a Malawi aka ci gaba a Kenya. Dabarar ita ce a yi bututun ya ishi abin da ke cikin silindar wucewa. Sai ka buɗe kan famfon, ka zaro sandunan, robar ta biyo su har sama, bututun yana nan inda yake. Mutum biyu a ƙauye za su iya da sifana ɗaya da ƙugiyar zaro bawul. Samfurin India Mark III ma wannan hanyar ya bi. Ruwan da famfunan ke bayarwa kusan ɗaya ne. Abin da ya sauya shi ne hanyar da aka bar wa ɓangaren da aka san zai mutu. Wannan tunanin ne injiniyoyin haɗa zarra ke ƙoƙarin aiwatarwa da kayan da nauyinsu ya kai tan-tan.

Hanyoyi uku da ake gwadawa

Hanya ta farko: a yanka ƙanana. Ita ce hanyar ITER, babbar tukunyar gwaji da ake ginawa a Kadarash, kudancin Faransa, da haɗin gwiwar Tarayyar Turai, Sin, Indiya, Japan, Koriya ta Kudu, Rasha da Amurka. Nauyinta tan 23,000. An raba bargonta gida 440, kowane ɗaya na iya kai tan 4.6, kuma kowanne yana da fuskar gaba da ake cirewa daban a bar jikin, kamar yadda kake sauya gilashin kariya na wayarka ka bar sikirin. Daibatar kuma an raba ta gida 54, kowane ɗaya kamar aljihun tebur, ana tura shi kan dogo ya zagaya zuwa ƙofa. Ɓangaren da aka ciro ana saka shi cikin wani rufaffen akwati mai girman kwantena, wanda nauyinsa da kaya ke kusan tan 100, ya kai shi ɗakin gyara mai kaurin bango. Amfanin hanyar shi ne komai na wucewa ta ƙaramar ƙofa. Illarta yawan sassa: ɗaruruwan notuna da bututai, kowanne da lokacinsa. Sauya daibatar kaɗai aikin watanni ne. Tukunyar gwaji za ta jure wannan, tashar kasuwa ba za ta jure ba.

Hanya ta biyu: a yanka manya, a zaro ta sama. Ita ce ake zanawa don DEMO, tashar da Turai ke shirin ginawa bayan ITER. Maimakon ɗaruruwan ƙananan faifai, bargon zai zama dogayen ɓari masu lanƙwasa kamar ayaba, biyar a kowane kashi, kowane ɗaya da nauyin gomman tan. Ana zaro su ta tagogin sama da ke tsakanin maganaɗisu. Na tsakiya ake fara cirewa, sannan a matso da na gefe zuwa gurbin da ya bari, kamar yadda ake sauke buhunan albasa da aka cusa a mota. An tattara bututan kowane ɓari a sama wuri ɗaya, inda wata na'ura mai hasken leza za ta shiga cikin bututun ta yanke shi daga ciki, ta kuma yi masa walda daga ciki. Sassa sun ragu, amma ɗaga abu mai wannan nauyin ta tsukakken wuri ba tare da ya gogi bango ba babban aiki ne.

Hanya ta uku: a tsinke sarƙar. A 2015 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa zanen wata tasha mai suna ARC. Sun ce a yi maganaɗisun da gaɓa, ta yadda za a kwance rabinsa na sama a ɗage kamar murfin tukunya, a zaro tukunyar ciki gaba ɗayanta, a zura sabuwa wadda aka riga aka haɗa aka gwada a masana'anta. Bargon kuma ba ƙarfe ba ne, narkakken gishiri ne mai ɗauke da litiyam, wanda tukunyar ke nutse a cikinsa. Ruwa ba ya tsagewa, kuma in za a yi gyara sai a tsiyaye shi. Abin da ya sa wannan ya yiwu shi ne sabon nau'in waya mai suna REBCO, wadda ke aiki a digiri 253 ƙasa da sifili, ta kuma fi jure ɗan zafin da gaɓar ke haifarwa. Kamfanin Commonwealth Fusion Systems, wanda ya fito daga MIT a 2018, ya gwada babban maganaɗisun irin wannan wayar a Satumbar 2021 ya kai tesla 20, yana kuma gina tukunyar gwaji mai suna SPARC a jihar Masacusets. Birtaniya ma ta zaɓi maganaɗisu masu gaɓa don tasharta STEP, wadda ta ware wa fili a West Burton a 2022, da burin kammalawa wajen 2040. Ita ma wannan hanyar tana da nata farashin: kowace gaɓa wuri ne da zai iya zafi ko ya saki, gishirin yana cin ƙarfe, kuma yana ɗauke da beriliyam mai guba.

Hannun da ke aiki daga nesa

Kowace hanya aka bi, mutum-mutumi ne zai yi aikin. Inda aka fi koyon wannan shi ne JET, tukunyar gwaji da ke Kalham a Ingila, wadda ta yi aiki daga 1983 zuwa Disambar 2023. Bayan gwajin tiritiyam na 1997, cikinta ya zama wurin da ba a son mutum ya shiga. A 1998 aka sauya daibatarta gaba ɗaya daga nesa. Na'urar da ta yi aikin sunanta MASCOT, mai hannu biyu, tana kan wani dogon hannu mai gaɓoɓi da ke lanƙwasa ya bi zagayen tukunyar. Ma'aikaci yana zaune a wani ɗaki daban yana kallon allo, yana riƙe da hannuwa biyu irin nata. Duk motsin da ya yi sai ta yi, kuma in ta ɗaure noti yana jin taurinsa a tafinsa. Tsakanin 2009 da 2011 da ita aka sauya dubban faifan bangon ciki.

Abin da JET ta koyar shi ne cewa kayan ne ake tsarawa don mutum-mutumin tun daga zane. Noti ya zama maƙale a jikin faifansa, kada ya faɗi cikin tukunya. Girman kan notuna ya zama iri kaɗan, don kada a yi ta sauya sifana. Kowane faifai ya zo da 'yan turaku masu jagorantarsa zuwa mazauninsa, ta yadda ba zai zauna a karkace ba. A bar wa kyamara hanyar gani. Sannan a tanadi hanyar ceto mutum-mutumin kansa in ya maƙale a ciki. Kuma ba a taɓa ainihin injin sai an yi atisaye a kan kwaikwayonsa mai cikakken girma da kuma a kwamfuta.

Wannan atisayen an yi irinsa saboda Zariya. A 2018 aka cire zuciyar NIRR-1 mai ɗauke da yuraniyom da aka tace sosai, aka mayar da ita Sin, aka sa wadda tacewarta ba ta da yawa. Kafin ranar aikin, ma'aikatan sun yi horo a kan kwaikwayon tukunyar da aka gina a Gana, ƙasar da ta yi irin wannan sauyin a 2017. Ita kanta tukunyar Zariya tana da dabarar gyara a zanenta: akwai faranti a saman zuciyarta inda ake ƙara siraran faifan beriliyam idan ƙarfinta ya fara raguwa, da dogayen kayan aiki daga saman ruwa, ba sai an taɓa man da ke ciki ba.

Tsadar abin da aka binne a ciki

ITER ta ba duniya misalin abin da ke faruwa idan matsala ta ɓulla a wurin da hannu ba ya kaiwa. A watan Mayun 2022 aka saukar da kashin farko cikin tara na tukunyar a raminta, mai nauyin fiye da tan 1,200. A ƙarshen shekarar aka sanar da cewa an gano tsaga a siraran bututan sanyaya garkuwar zafi, saboda ragowar sinadarin kulorin da ya maƙale kusa da walda, sannan bakunan sassan tukunyar da za a haɗa ba su yi daidai da awo ba. Garkuwar tana tsakanin tukunya da maganaɗisu, wurin da ba a shiga bayan an haɗa. Dole a 2023 aka sake ɗago kashin aka warware shi, aka kuma yanke shawarar sauya bututai masu tsawon kimanin kilomita 23. A Yulin 2024 aka fitar da sabon jadawali: aikin bincike zai fara a 2034, gwaji da tiritiyam a 2039, da ƙarin kuɗi wajen Yuro biliyan 5. Gyaran na daga cikin dalilan jinkirin, tare da annobar korona da wasu. An yi sa'a an gano tun kafin a kunna. Da bayan tiritiyam ya shiga ne, da labarin ya fi haka muni. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda wannan ya shafi wayarka

Yanzu mu dawo da dokokin gida.

Ka san abin da zai fara mutuwa. A tokamak bargo ne da daibata, a waya batir ne, da bakin caji, da sikirin. Batirin litiyam yana raguwa da kowane caji, ko wane kamfani ne ya yi shi.

Ka ƙirga abin da za a cire kafin a kai gare shi. Tsofaffin wayoyin Nokia farce ɗaya ya isa. Yawancin wayoyin yau sai an gasa gam an ɓamɓare baya ko sikirin, kuma a nan ake fasa abin da lafiyarsa ƙalau. Kafin ka saya, nemi bidiyon kwance samfurin a YouTube ka gani da idonka. Duba ko bakin cajin yana kan ƙaramin allo na daban da ake sauyawa, ko an manna shi a babban allon wayar.

Ka tambayi mai gyara kafin mai sayarwa. Je wurin masu gyaran waya a Jega ko Birnin Kebbi ka ce: in sikirin ɗin wannan ya fashe, akwai shi a nan, ko sai an aika Sakkwato ko kasuwar Farm Centre a Kano? Kwana nawa? Nawa? Ga mai sana'ar POS ko mai saye da sayarwa ta WhatsApp, waɗannan kwanakin su ne watannin da tasha ke yi a tsaye.

Ka sa abu mai arha ya sha dukan. Gilashin kariya, rigar waya, fiyus da na'urar kare hauhawar wuta duk aikin fuskar bargon ITER suke yi.

A kayan sola, ka fifita waɗanda faifai, batir da inbata suke a rarrabe. Fitilar da aka rufe batirinta a cikin kai ɗaya a saman dogon ƙarfe, ranar da batirin ya mutu sai ta zama ado.

Wasu ƙasashen sun mayar da wannan doka. Faransa ta fara tilasta maƙala makin sauƙin gyara, daga sifili zuwa 10, a jikin wayoyi a Janairun 2021. Daga 20 ga Yunin 2025, wayoyin da ake sayarwa a Tarayyar Turai dole batirinsu ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan caji 800, kuma a samar da kayan gyaransu har shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin. Mu da wayoyinmu ke shigowa ba tare da wannan kariyar ba, tambayoyinmu a bakin shago su ne dokarmu.

Masu koyon rubuta manhaja, ku ma abin ya shafe ku. Ɓangaren da ka san zai riƙa sauyawa, kamar hanyar biyan kuɗi ko adireshin sabar da kake jawo bayanai, ware shi a fayil ɗinsa, da ƙofa ɗaya ta shiga da fita. Kada ka cusa shi a wurare ashirin. Kuma ka gwada kowane gyara a kwafin manhajar kafin ka taɓa wadda mutane ke amfani da ita, kamar yadda ma'aikatan Zariya suka fara da kwaikwayo.

Ga ɗaliban injiniyanci da kimiyya a jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, ku lura cewa yawancin matsalolin da muka lissafa na walda ne, da ƙarfe, da sarrafa mutum-mutumi, da manhaja. Waɗannan fannoni ne da ake fara koyonsu da abin da ke hannu, kuma ana buƙatarsu a Kainji da Zariya tun yau.

Aikin gida

Zaɓi na'urori uku a gidanku ko shagonku, misali waya, janareta da fitilar caji. A kan kowace ɗaya rubuta amsar tambaya uku: wane ɓangare ne zai fara mutuwa, abu nawa za a cire kafin a kai gare shi, kuma kwana nawa za a yi kafin a samo sabonsa daga garinku. Sannan ka yi lissafin da muka koya a sama da watannin aiki da kwanakin gyara. Ajiye takardar, ka ɗauko ta ranar da za ka sake shiga kasuwa.

A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in Allah ya kai mu.